Ki Ɗaga Kai, Uwata

Unguwar Dosa, Kaduna
Alhamis, da hantsi

Uwata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon Allah ya tsare min ke a gida da waje, ya tsare ki a kan hanyar Abuja jibi, ya sauke ki ƙofar Gwaggonki Asabe ba tare da ko ciwon kai ba.

Yau Alhamis. Na tashi gwiwar hagu a kumbure kamar jiya, jirin nan kuma ya ɗan taɓa ni da na sunkuya alwala. Na sha maganin hawan jinin, ba sai kin tambaya ba. Kokon da kika bari na shanye, ƙosan ne ya fi ƙarfin haƙorana. Ban da wannan lafiyata lau, kuma duk wanda ya ce miki na kusa, ki ce masa ya jira tukuna.

Da kika fita zuwa Rafin Guza cajin laftof ɗinki a gidan ƙawarki mai sola, sai na jawo tsohuwar tafiretata daga ƙarƙashin gado. Biro yana rawa a hannuna yanzu, amma a kan wannan ƙarfen yatsuna ba su manta hanya ba. Tawadar ta dusashe, ki matsa kusa da taga in za ki karanta. Na zaɓi rubutu ne domin in na ce zan faɗa miki da baki, ke za ki sunkuyar da kai, ni in kama gyaran murya, mu tashi ba a ce komai ba. Haka muka saba a gidan nan, kuma a kan wannan sabon nake son yin magana.

Jiya da kina kwashe kwanuka kin ce, ba tare da kin dube ni ba: "Baba, in Alhaji Mamman ya zo gobe da magana mai kyau, na fasa tafiyar nan. Sai in zauna in jira aikin gwamnatin, ga ka kuma ga ni." Ban amsa ba. To ga amsar. Ko ya zo ko bai zo ba, ko da wace irin magana ya zo, ranar Asabar za ki shiga mota. Gidan Gwaggonki akwai wuta, akwai sabis da ba ya yankewa ana tsakiyar magana, akwai tebur da kujera. A nan kuwa kina neman aikin duniya da wayar da sai kin ɗaga ta saitin bishiyar mangwaro. Za ki tafi, kuma zan gaya miki dalili, ko da dalilin zai rage min girma a idonki.

Ranar Litinin ɗin makon jiya kin yi intabiyu ta bidiyo da mutanen nan masu neman mai fassara. Kin rataya farin zanin gadon mahaifiyarki a bango don kada su ga inda fenti ya ɓare, kin ɗora laftof a kan kwalin littattafaina, kin roƙe ni kada in yi tari. Na zauna a baranda, taga a buɗe, na danne tarina har hawaye ya fito. Turancina ya tsufa amma bai mutu ba. Na ji matar ta ce ki faɗa musu abin da kika fi ƙwarewa a kai, da dalilin da zai sa su ɗauke ki su bar sauran. Sai na leƙa. Na ga kanki ya yi ƙasa, yatsunki suna murza bakin hijabi. Kika ce: "Ina dai ƙoƙari. Duk abin da kuka ba ni zan yi iya yina." Matar ta jira, ko akwai saura. Babu saura. Ta ce sun gode. Da saƙon haƙuri ya iso bayan kwanaki, na same ki a kicin ido ya yi ja, kika ce albasa ce. Ranar ko albasa ɗaya ba mu da ita a gidan.

Abin da ya hana ni sakat shi ne, muryar da na ji ta tagar nan tawa ce. Ni na sa miki ita a baki.

Ban taɓa ba ki labarin nan ba. Lokacin ina ɗakin buga takardu a sakatariya, tun ba a haife ki ba, shugabanmu ya yi ritaya, aka kira mu biyu gaban kwamiti: ni da Danladi, wanda ni na koya masa yadda ake ɗora yatsu a kan haruffa. Mutum uku ne a bayan tebur, fanka tana juyawa a sama. Shugaban kwamitin, wani dattijo Bazazzagi, ya ce: "Malam Isa, ka daɗe a ɗakin nan. Faɗa mana, me ka yi da ya sa ka cancanci ka shugabance shi?"

Uwata, ina da abin faɗa cike da baki. Rabin masu buga takardun ma'aikatar ni na horar. Ni na tsara yadda ake jera aiki har wasiƙa ta daina kwana a ɗakinmu. Amma an tashe mu a kan cewa in babba yana magana idonka na kan yatsun ƙafarka, kuma mutumin kirki ba ya yabon kansa, sai dai a yabe shi. Na dubi ƙasa na ce: "Ranka ya daɗe, ai ba ni zan faɗa ba. Ku ne manya, kun fi ni sani." Na fito ina jin daɗin kaina, wai na nuna musu ni ɗan gidan mutunci ne.

Da na dawo gida mahaifiyarki, Allah ya jiƙanta, tana tuƙa tuwo. Ta ce: "To, me ka ce musu?" Na maimaita mata, har da ɗan murmushi. Ta saki muciya ta juyo ta dube ni. "Malam, neman aure ka je ko neman muƙami?"

Danladi aka ba. An ce ya yi magana har sai da aka dakatar da shi, kuma cikin abubuwan da ya lissafa har da tsarin nan nawa. Na yi shekaru ina cewa an zalunce ni. Sai wata rana a wurin wata jana'iza na haɗu da dattijon nan, shi ma ya yi ritaya. Ya kama hannuna ya ce: "Malam Isa, ka ba mu wahala ranar nan. Mu ukun kai muke so. Amma sai mun rubuta abin da ɗan takara ya faɗa, kai kuwa ka bar mu da biro a sama." Tun daga ranar na daina cewa an zalunce ni, amma ban fasa renonku a kan abin da ya kayar da ni ba. Tun kina ƙarama, in baƙo ya ce "wa ya zo na ɗaya a ajinku?" kika buɗe baki, sai in harare ki. Kika koyi rufe shi.

Ban ce ki zubar da kunya ba. Ki ajiye ta ga Gwaggonki, ga dattawan unguwa, ga surukanki in Allah ya kawo su. Amma waɗannan mutanen na cikin kwamfuta ba su san gidanmu ba. Ba su san wace ce kakarki ba. Ba wanda zai raɗa musu cewa yarinyar nan ta fi yadda take nunawa. Ni a ofishinmu ina da masu sona a kan teburin, duk da haka shiruna ya kayar da ni. Ke kuwa ba su da komai naki sai abin da ya fito daga bakinki. In kin sunkuyar da kai, a wurinsu ba tarbiyya suka gani ba, sun ga wadda ba ta iya ba ne, ko wadda take ɓoye wani abu. Kin ce min ɗan ƙaramin idon gilashin da ke saman laftof shi ne idonsu. To ki kalle shi. Gilashi ne, ba surukinki ba.

Kuma ga abin da ya kamata matar nan ta ji. Lokacin bautar ƙasa, a asibitin ƙauyen da aka tura ki, ke kika mayar da bayanin shan magani zuwa Hausar da matan ƙauye suke ganewa, har ma'aikatan suka riƙa kwafa suna liƙawa a bango. Ke kike zama tsakanin likitan da ba ya jin Hausa da tsohon da ba ya jin Turanci, su rabu kowa ya fahimci ɗan'uwansa. Kina buga rubutu ba ki kallon haruffa, kuma kin fi ni sauri, ni da na ci abinci da wannan sana'a har na tsufa. Waɗannan duka na ji su ne a bakin wasu, ban taɓa ji a bakinki ba. Na duba takardar bayanin kanki, wadda kuke kira sibi, ranar da kika bar ta a kan tebur. Kin rubuta makarantu da shekaru, kamar mai cike takardar asibiti. Ina ke a ciki? Faɗin abin da kika yi da hannunki ba yabon kai ba ne, shaida ce, kuma kin san addininmu bai yarda a ɓoye shaida ba. Kada ki ƙara ko ƙwaya ɗaya a kan gaskiya. Kada kuma ki rage.

Kuskurena na biyu ya fi wannan wauta. Shekarar da aka kawo kwamfuta ofishinmu, an ajiye guda biyu a kusurwa an lulluɓe su da leda kamar amare. Akwai wata yarinya Rifkatu, 'yar kudancin jihar nan, sabuwar ɗauka, ita ta san kansu. Kullum lokacin hutun rana sai ta ce: "Baba Isa, zo in nuna maka mana. Yatsunka sun riga sun san rabin aikin." Ni kuwa ina ganin yaya za a yi in zauna yarinyar da na girmi ubanta tana cewa danna nan, a'a ba nan ba. Na ce mata: "'Yata, ki riƙe talabijin ɗinki. Ranar da aka ɗauke wuta za ku zo ku same ni." Kuma sun zo. An ɗauke wuta, aka kawo min wasiƙar gaggawa, na buga ta ina ƙasaita, kowa na kallo. Na yi ta ba da labarin a majalisa. Sai ma'aikata ta sayi janareta.

Kafin in yi ritaya an matsar da teburina bakin ƙofa. Aikina ya koma buga hatimi a kan takardun da wasu suka buga. Ba wanda ya kore ni, ba wanda ya zage ni, gaisuwa ma ƙaruwa ta yi. Amma mutum ya san ranar da aka daina buƙatarsa.

Saboda haka duk abin da ba ki iya ba, ki tambaya, ko a wurin wa. In jikar Gwaggonki da ke sakandare ta fi ki sanin wata manhaja, ki ja kujera ki zauna kusa da ita. In aka ce aikin fassara ya ragu saboda na'ura tana yi, kada ki tsaya zagin na'urar kamar ubanki. Ki je ki ga inda take kuskure, domin a nan za a nemi mutum. Sai abu ɗaya da na sani tun zamanin takarda, kuma ban ga ya canza ba: wanda yake son ki yi masa aiki shi zai biya ki. Duk wanda ya ce ki fara turo wani abu kafin a ɗauke ki, ko ya nemi lambobin bankinki na sirri, ko ya ce ki cire hijabi ya ga fuskar da kyau, ki rufe laftof a kan hancinsa. Ba ya bin ki ko sallama.

Na tsaya a nan na yi azahar. Ina sallamewa na ji hon a ƙofa, na ja sanda na fita da saurin da ban san ina da shi ba. Mai kawo ruwan leda ne. Na tsaya ina yi wa kaina dariya a soro. Bayan la'asar Alhaji Mamman ya ce zai zo, amma ga ni tun azahar ina gudu.

Kin san abin da ake faɗa a unguwa, ba sai na ɓoye miki ba. Shekaranjiya a bakin masallaci Malam Sani tela ya ce: "Malam Isa, wai wane irin aiki ne ake nema a ɗaki a kan katifa? Mu dai mun san a fita a buga takalmi, ofis ofis." Wani daga gefe ya ƙara: "Ka dai sa ido. Yaran nan na waya, wata rana sai ka ga an zo da mota an kwashe su." Na ce: "Sani, ɗanka ya buga takalmi har ya cinye ƙafa biyu. Ina ofishin nasa, in je in gaishe shi?" Wani a majalisar ya fashe da dariya. Na san na yi yawa, yaron ba shi da laifi, zamani ne ya kama kowa. Washegari na kai wa Sani goro. Amma maganar ban janye ta ba. Ofisoshin da suke cewa a je, na san su ciki da waje. Masu gadi sun gaji da karɓar ambulan. Kuɗin keke zuwa can da dawowa ya isa cefanen yini. Mudun da muke saya bara, bana rabinsa muke ɗauka, fansho kuma sai ya ga dama yake zuwa. A irin wannan lokaci yarinya ta samo ƙofar da ba a tambayar ɗan wane ne kai, sai a ce ta bar ta saboda bakin majalisa? Su yi ta magana. Ni ne ubanki, kuma na san abin da kike yi a ɗakin nan.

Yayanki Kabiru ma ya kira daga Fatakwal, wai bai dace mace ta bar tsoho shi kaɗai ba. Na ce masa gaskiya ne bai dace a bar tsoho ba, kuma motar Kaduna tana tashi daga Fatakwal kullum. Sai ya ce sabis ba kyau.

Yanzu maganar Alhaji Mamman, wadda ta fi min nauyi. Kin san tare muka yi makaranta. Gadonsa na sama nawa na ƙasa, kuma lissafina ya kwafa har muka fita. Allah ya ɗaga shi ya kai babban sakatare, ni na tsaya inda na tsaya, ban taɓa yi masa hassada ba. Da kika gama bautar ƙasa na sa takardunki a ambulan, na buga sunanki a baya da tafiretar nan, na kai masa gida. Haka muka san ana yi: ka je ka kama ƙafa, babba ya yi magana, yaro ya samu. Ya rungume ni ya ce: "Isa, 'yarka 'yata ce. An kusa buɗe ɗauka. Ka bar min." Na dawo na ce miki ki kwantar da hankali. A lokacin Gwaggonki ta fara cewa ki zo wurinta, na hana. Sallah ta zo na je gaisuwa, an kusa. Wata Sallar ta zo, an kusa. Ina zama a falonsa cikin mutane, kowa da ambulan a cinya, muna kallon juna muna yin kamar zumunci ne ya kawo mu.

Zuwan da na yi na ƙarshe, aka shigar da ni ƙaramin falo. A kan teburin gefe na ga ambulan ɗinmu. Na gane bugun tafiretata daga nesa, harafin nan da yake ɗan hawa sama. An ɗora butar shayi a kai, zoben shayi ya zagaye sunanki. Ko buɗe shi ba a yi ba. Na sha shayin, na yi godiya, na dawo na ce miki an kusa.

Kada ki ƙi shi. Mamman ba mugu ba ne. Jikokinsa ma suna zaune a gida da digiri. Ya bar kujera tuntuni, waɗanda suke kai yanzu ba sa ɗaukar wayarsa. Abin da ya kasa shi ne ya dubi abokin ƙuruciyarsa ya ce "Isa, ba zan iya ba." Kunya ta hana shi faɗa, kunya ta hana ni tambaya, ke kuma kunya ta hana ki ce min "Baba, ya isa." Mu uku muna ta mutunta juna, shekarunki suna tafiya. Makon jiya da na kira na ce masa za ki bar gari, shi ne ya ce zai biyo da kansa yau bayan la'asar. Na san abin da zai kawo in ya zo. Zai kawo "an kusa" sabuwa fil, a bakinsa na gaskiya, kuma zai yi nufin alheri.

Saura guda, ita ce ƙasan tukunyar. Na ga ambulan ɗin nan na yi shiru ba don kunya kaɗai ba. "An kusa" tana yi min daɗi, domin muddin an kusa, kina gida. Tun da mahaifiyarki ta rasu, motsinki ne kaɗai ke nuna akwai mai rai a sashenmu na gidan nan. Ƙarar bokiti da asuba, tsakin da kike yi in sabis ya ɗauke, "Baba ka sha maganin?" Na riƙe ki da alkawarin wani, ina sane da cewa wofi ne. Wannan ba kuskure ba ne irin na kwamiti ko na kwamfuta, waɗancan kaina na cuta. Wannan ke na cuta. Ki yafe min. Ita ma tafiyar ta jibi ina so ta zama cikin yafiyar.

Na san abin da za ki ce: wa zai kula da ni? Na riga na gama wannan. Na yi magana da Lawal direba, ɗan hayarmu na ɗakin baya. Kafin in rufe baki matarsa Binta ta leƙo ta ce: "Baba, tuwon dare nawa ne, kada ma a sake maganar. Allah shi kai ta lafiya, shi ba ta abin da ta je nema." Lawal zai kai ni asibiti ranakun ganin likita. Magani kuma na iya karanta kwalinsa da kaina, ni na koya miki karatu. Rediyona na nan. Masallaci bai matsa daga inda yake ba, in gwiwa ta ƙi sai in yi a gida, Allah ya san gwiwar. Ban kai ki jami'a don ki ƙare a mai ƙirga min ƙwayoyi ba.

Zan yi kewarki. Na rubuta, an gama, kada ki sa in maimaita.

Kuma ba na yi miki alkawarin cewa kina isa za ki samu. Na bar alkawari ga masu yin sa. Za ki tura takardu da yawa a yi miki shiru. Za a sake cewa an gode, an ɗauki wani. Wata rana za ki ga kamar dukan duniya ce ke layi ɗaya da ke, kuma haka ne. To su ƙi ki, amma su ƙi ki bayan sun ji ki. Ranar da aka ƙi ki, ki yi kukanki in ya zo, ba sai kin ɗora wa albasa ba, ki wanke fuska, ki tura takarda ta gaba. In ƙaramin aiki ya zo ki karɓa ki yi shi da kyau, ki nemi su rubuta cewa kin yi da kyau, kada ki ji nauyin nema. Kada ki dawo min saboda an ce na yi tari a waya. Ki dawo da Sallah, ki dawo in kin ga dama, amma kada ki dawo don ki jira wani.

Ki riƙe sallarki a kan lokaci, ko intabiyu da wa za ki yi. Ki taya Gwaggonki aikin gida, kada ta ga kin mayar da gidanta ofis. Tana da faɗa, amma ita ta goya ni, ki yi haƙuri da ita. Ki kira ni ranar Juma'a bayan an sauko, sau ɗaya ya isa, ki adana datarki ga aikinki.

Allah ya kiyaye hanya, ya kare ki daga sharrin mutum da na ƙarfe. Allah ya buɗe miki ƙofar da ba mai iya rufewa, ya sa halal ce, ya sa miki albarka a ciki. Allah ya haɗa ki da mutanen kirki a inda ido ke gani da inda ba ya gani. Na yafe miki duniya da lahira, ko da yake ban san abin da zan yafe ba.

Mahaifinki,
Isa

Bayan magariba.

Na sa Binta ta share falo tun la'asar. Na sa babbar rigata, na aika an sayo lemo mai sanyi da goro fari, irin wanda yake so tun muna yara. Na zauna a soro har aka kira salla. Alhaji Mamman bai zo ba, bai kuma kira ba. Ko hadari bai haɗu ba yau, balle a ce ruwa ne ya tare shi. Lemon na ba 'ya'yan Lawal, goron na ajiye wa Sani.

Ina jin motsinki a kicin yanzu, kin dawo kina ta jan ƙafa, kina jiran in ce wani abu. Zan ɗora takardar nan a kan laftof ɗinki. Akwatin mahaifiyarki mai taya yana saman kwaba, ki sa Lawal ya sauko miki da shi.

Sunan mahaifiyata gare ki, shi ya sa tun ranar suna bai taɓa fita daga bakina ba. Ɗazu da nake zaune a soro ni kaɗai na gwada faɗinsa da ƙarfi. Hajara. Rufin soron bai faɗo ba. In sun tambaye ki ko wace ce ke, haka za ki faɗe shi, kanki a sama.